Shekarar da Zanen Baba Ya Buɗe

A ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, ba a amsa kira da rana tsaka. In ka ji an ambaci sunanka alhali ba ka ga mai kiran ba, sai ka kama bakinka ka yi gaba. Kakata ce ta koya mini, da ranƙwashi ma kuwa, kuma duk zuwa coci da karatun jinya da na yi daga baya ba su kankare mini wannan ba. Ban taɓa zaton zan sake cin karo da dokar a Doha ba, balle a bakin wani tsohon Bature da ko sunan garinmu bai iya faɗa ba.

Shekarar korona ina aikin jinya a wani gida a Aziziya, irin manyan gidajen nan masu doguwar katanga da ba ka sanin ko maƙwabcinka yana raye. Majinyacina tsoho ne da ya haura tamanin, mutumin wata ƙasa mai sanyi a arewacin Turai. 'Yarsa, wadda muke ce wa Madam, ita ce kafil ɗina, wato da sunanta nake zaune a ƙasar. Ita ta ɗauko shi daga ƙasarsu bayan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, tunaninsa kuma ya fara zuwa yana komawa. Ana gab da kulle Madam ta yi 'yar tafiya gida, sai aka rufe hanya tana can, ta koma murya a waya. Mai girki da mai shara ba a gidan suke kwana ba, aka ce su dakata da zuwa. Muka rage mu uku, ni, da Tsoho a ɗakin sama, da Baba a ɗan ɗakinsa na bakin get.

Baba direban gidan ne, shi ne kuma mai ban ruwan shuke-shuke. Mutumin Zongon Kumasi ne, Musulmi, dogo, mai tafiya a hankali kamar ba ya son ƙasa ta ji ciwo. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, "kai" yake ce mini. In na ce, "Baba, ni fa mace ce," sai ya ce, "Sista, Allah ya sani, ai ya isa." A kumatunsa akwai gajerun zane da wanzami ya yi masa ranar sunansa. Sun tsufa tare da shi, sun lafe, sai ya yi dariya kake lura da su.

Ba ya cin abincin kicin ɗinmu. Ya taɓa ganin Madam ta tsiyaya giya a tukunyar nama, tun ranar ya sallama wa tukwanenmu gaba ɗaya. Ga shi kuma da olsa, ya yanka wa kansa dokoki fiye da na likita: ba yaji, ba ɗanyen abu, uwa uba ba tsami. A wurinsa tsami yana tsinka jini, yana hana miki warkewa. Ni ma da wannan maganar na tashi a gidanmu, don haka ban cika yi masa gardama ba. Cimarsa farar shinkafa ce da burodi da kifin gwangwani da shayi. Ranar Juma'a kaɗai yake zuwa unguwar Najma wurin 'yan'uwansa na Zongo, ya ci tuwo da miyar ayoyo, ya dawo da labarai. Da aka kulle gari, Juma'ar ma ta tafi. A bayan gidan akwai bishiyar lemon tsami da yake shayarwa safe da yamma, 'ya'yanta suna zubowa suna ruɓewa a gindinta.

Shirun da Doha ta yi a watannin nan, wanda bai gani ba ba zai gane ba. Titinmu da mota ba ta yankewa ya koma kamar an share shi da tsintsiya. Ladan yana kiran salla, ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa, muryar ta zagaya unguwa ta dawo ba wanda ya fito. Zafi ya shigo. Da rana tsaka in ka leƙa ta tagar ɗakin Tsoho, komai fari ne fat, katanga fara, titi fari, sama ma ba shuɗi ba ce. A ciki kuwa Tsoho ba ya yarda a rage esi. Ina sa rigar sanyi biyu da safa, a cikin garin da ƙarfen get yake ƙona hannu.

Wata rana na zaunar da shi a kujera bakin taga, ya daɗe yana kallon farin nan, sai ya ce da ni cikin Turanci, "Mun maƙale." Na ce eh, amma za a buɗe nan gaba kaɗan. Ya girgiza kai. Ya ce ƙanƙara ba ta sakin jirgi sai ta ga dama.

Daga ranar gidan ya zama jirgi a wurinsa. Kakansa, yana saurayi, ya yi aiki a wani jirgin katako irin na da, wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi da manyan ƙyallaye. Sun tafi can ƙuryar arewa neman hanyar da ba wanda ya taɓa bi, teku ta daskare ta riƙe su damina da rani har aka zagayo. Tsoho ya sha labarin a bakin kakan yana yaro. Yanzu da tunaninsa ya rikice, abin da ya ci da safe ba ya tunawa, amma wannan jirgi ya san kowane lungunsa. Wani lokaci ya ce "kakana", wani lokaci ya ce "ni".

Ni mutuniyar zafi ce, ƙanƙarar da na sani ita ce ta firij da wadda ke zubowa da ruwan farko mu tsinta a kwano. Da farko sauraron aikin jinya nake yi masa, ina cewa to, to, hannuna yana gyara zanen gado. Amma labarin ya ƙi tsayawa a kunne. Ya ce ƙanƙarar tana matse jirgin ta kowane gefe, katako ya yi ta nishi kamar saniya mai naƙuda, mutane suna kwance suna jin ƙusoshi suna fita ɗaya bayan ɗaya. Rana ta faɗi ta ƙi fitowa wata da watanni. Numfashin mutum yana daskarewa a bargonsa. Wanda ya kama ƙarfe da hannu tsirara, fatar tafinsa a can take zama. In mutum ya mutu ba ƙasar da za a haƙa, sai a kai shi nesa kaɗan a shimfiɗe a kan ƙanƙara a rufa masa ƙyalle. Da yake ƙanƙarar kanta tafiya take yi a hankali, wata safiya sai a tashi a ga gawar ta dawo kusa da jirgi.

"Amma ba sanyi ne ya ci mu ba," in ji shi. Wani ciwo ne. Yana farawa da kasala, mutum ya ji ba abin da yake so sai zama. Sai dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi. Sai tsofaffin raunuka su buɗe. Kafintan jirgin yana da tabon wuƙa a cinya tun yana yaro, tabon ya tsage ya koma ɗanye kamar jiya aka yanke shi. Wani da ya taɓa karyewa a hannu, ƙashin ya rabu a inda ya ɗoru. Dokar jirgi ce kullum da rana tsaka a buga ƙararrawa, kowa ya zo gaban kyaftin ya sha rabonsa na ruwan lemon tsami, ba a yarda mutum ya tafi da shi makwancinsa ba. Da lemon ya ƙare, waɗanda suka daure suka ci ɗanyen naman wata dabbar ruwa mai kama da ayu, har da ɓerayen jirgi, su suka ga gida. Masu ƙyanƙyami suna can.

Abin da ya sa na ajiye zanen gadon na zauna shi ne maganar kira. Ya ce in ciwon ya yi nisa, mutum yakan ji ana kiran sunansa daga kan ƙanƙara, da muryar wani nasa, yawanci uwa. Wasu suna cewa ƙarar ƙanƙara ce kawai take kama da muryar mutum. Ko ma mene ne, wanda ya amsa yakan sauka ya bi farin nan, ba ya waigowa. Sai a yi ta buga ƙararrawa ko zai ji ya dawo. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ba a amsawa, nas. Ko wa ka ji, ba a amsawa." Da yatsan nan da kallon nan kakata take faɗa.

Ban san takamaiman lokacin da Baba ya fara canzawa ba. Kullum da safe yakan hau sama da takunkuminsa ya taya ni ɗaga Tsoho daga gado zuwa kujera. Na dai lura yana tsayawa a tsakiyar matakala yana riƙe gwiwa. Na tsokane shi na ce tsufa ya yi sallama, ya ce, "Ka bari, Sista, ƙafa ne yana nauyi." Bayan wasu kwanaki na ga asuwakinsa a bakin famfo, kan ya yi ja. Na ga ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fatar ƙwaurinsa. Na auna zafin jikinsa, lafiya lau. Ba tari, ba shaƙewar numfashi. A lokacin kuwa duk ciwon da ba korona ba, kamar ba ciwo ba ne a idonmu.

Sannan wata safiya ya zo takunkuminsa da jirwayen ja a gefe biyu. Na ce ya cire, ya ƙi. Na buɗe masa wuta irin tawa, na ce ko ya cire ko in kira motar asibiti yanzun nan. Ya cire. Zanen kumatunsa, waɗanda aka yi tun bai san kansa ba, sun buɗe. Kowane ɗaya ya yi baki ja, yana tsattsafo da ruwa-ruwan jini, a jere, tsaf, kamar wanzamin bai daɗe da goge askarsa ba. Na yi shekaru ina wanke raunuka, na ga abin da ya fi wannan muni sau ba adadi, amma ban taɓa jin tsoron rauni ba sai ranar.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Ba ciwon asibiti ba ne. Uwana ne yana nema na." Mahaifiyarsa ta rasu da daɗewa, yana Doha, bai samu zuwa jana'iza ba. Ita ta riƙe shi a cinya aka yi masa zanen. Ya ce tun makon da ya wuce, in rana ta take, yana jin ta daga bayan katanga tana kiransa da sunan da ba wanda ya sani a ƙasar nan. Na ce, "Baba, ka amsa?" Ya ce, "Tukuna." Wannan tukuna ta tsaya mini a rai, don ba cewa ya yi ba zai amsa ba.

Asibiti kuwa ya ce sai dai a kai gawarsa. Ya ji labarin yadda ake ɗauke mutum a keɓe shi, in ya mutu ba mai wanke shi yadda ya kamata. Washegari na leƙa bayan gidan na ga ya wanke haraminsa, fararen ƙyallayen da ya yi Umara da su, ya shanya a igiya kusa da bishiyar lemon. Na san abin da mutanensu suke ajiye harami dominsa. Ba iska ko kaɗan, ƙyallayen suna rataye shiru.

Tsoho ne ya gane ciwon. Ranar muna ɗaga shi, takunkumin Baba ya zame. Tsoho ya ƙura masa ido, ya miƙa hannu ya kama haɓarsa, ya juya fuskar dama da hagu. Ya kira shi kafinta. Ya ce da ni, "Buɗe bakinsa." Baba ba ya musu da Tsoho, ya buɗe. Dasashin ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, ya hau kan haƙora. Tsoho ya sake shi ya ce, "Ciwon ya shigo jirgi." Nan take sunan ciwon ya faɗo mini, wani suna da muka haddace a makaranta saboda jarrabawa, aka ce mana ciwon mutanen da ne, ba za mu taɓa gani ba. Na kira likitan da ke duba Tsoho ta waya, na nuna masa hotuna, na lissafa masa abin da Baba yake ci. Ya ce a ba Baba bitamin C da ɗanyun 'ya'yan itace, in bai samu sauƙi ba a kawo shi.

Na sauko da murnata. Ai shekarar korona ce, gidan cike yake da ƙwayar bitamin ɗin nan mai tafasa a ruwa. Na jefa ɗaya a kofi na kai masa. Ya kurɓa, ya ji tsami, ya tofar. "Sista, mutum yana da miki ka ba shi tsami? Ka so jinina ya ƙare?" Na yi bayani, na yi lallashi, na yi faɗa. Na sa aka kawo gwaiba daga baƙala, kantin unguwa, ya ce ɗanyen abu ne, olsa. Na ce masa da hannunsa yake kashe kansa, ga magani yana ruɓewa a gindin bishiya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Khalas, 'yata. Ka yi ƙoƙari." Ya tura ƙofarsa. Na tsaya a tsakar gidan ina kuka don haushi, don na san mutumin nan zai mutu a kan abin da bai kai kuɗin shayi ba, kuma ba yadda zan yi da shi.

Ya daina hawa sama. Ni kaɗai nake kokawa da Tsoho. Shinkafar ma ya rage ci.

Ranar da abin ya faru ina ba Tsoho abincin rana a bakin taga. Na ɗaga kai na ga ƙaramar ƙofar get a buɗe. Baba yana tsakiyar titi da farar jallabiya, ba takalmi, a kan kwaltar da ko kyanwa ba ta takawa a wannan lokaci. Yana tafiya a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraro. Hasken ya yi yawa har gefen jikinsa yana narkewa a cikinsa. Na fizge tagar na buɗe, zafi ya mare ni, na buɗe baki zan ƙwala masa kira, sai na fasa. Rana tsaka ce. In na kira shi ya amsa, wa ya amsa wa?

Na sauka da gudu. A bakin get na tsaya, kuma zan faɗi gaskiya, na ji wani abu. Muryar mace ce, can nesa, ta inda titin ya ƙare, tana jan ƙarshen kalma yadda uwa take yi in abinci ya sauka yaro yana wurin wasa. Mai yiwuwa wata 'yar aiki ce a wani gida. Na sha gaya wa kaina haka. Amma ƙafata ta ƙi tsallaka dokin ƙofar, ni da na yi baftisma, ni da nake da takardar jinya. Ina ta kiran sunan Yesu a zuci ina kallon bayan Baba yana ƙanƙancewa.

Sai ƙararrawa ta tashi a samana. Tsoho yana da wata 'yar ƙararrawar tagulla da yake kirana da ita. Ya jawo ta, ya zuro hannu ta tagar da na bari a buɗe, yana kaɗawa. Ba irin kaɗawar neman fo ba ce. Bugu biyu, ya tsaya, bugu biyu, ya tsaya. A cikin shirun nan ƙarar ta cika titin. Baba ya ci gaba kaɗan, sannan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Shekara da shekaru in ƙararrawar nan ta yi ƙara wani a gidan yakan tashi, watakila jikinsa ne ya tuna kafin shi. Ya juyo. Da ya iso na kama hannunsa, tafin ƙafarsa duk ya yi bororo, bai ma sani ba.

"Maigida yana kira," abin da ya ce ke nan.

Da ƙyar muka hau matakalar. Tsoho yana zaune a miƙe, yadda ban taɓa ganinsa ba, idonsa tar. Ya ce in kawo lemo da kofi uku. Na ruga bayan gidan na tsinko cike da rigata, na matse, na ɗan sirka da ruwa da sukari. Ya ce kowa ya tsaya a gabansa. Ya ɗauki kofi ɗaya ya shanye, fuskarsa ta tattare. Ya miƙo mini na biyu na sha. Ya ɗauki na uku da hannu biyu, yana rawa yana zuba a bargo, ya miƙa wa Baba. Bai yi bayanin komai ba, bai ce magani ba ne. Ya dai riƙe kofin a sama yana jira.

Baba ya kalli kofin, ya kalle ni. Na san abin da ke ransa, don tarbiyyarmu ɗaya ce a nan. Duk abin da na kai masa zai iya ƙi, ni yarinya ce. Amma dattijon da a haife ya haife shi ya miƙo masa abu da hannu biyu, hannun yana rawa. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya karɓa, ya ce, "Ba a mayar da hannun babba." Ya yi bismilla ya shanye, hawaye yana zubo masa saboda raɗaɗin dasashi. Tsoho ya ce, "Gobe ma, in an buga."

Haka muka yi ta yi. Mutumin da ba ya tuna sunan 'yarsa wani lokaci, bai taɓa mance rana tsaka ba. Ya buga, mu hallara, mu sha. Ni kuma ina narka ƙwayar bitamin a kofin Baba, tsami ya ɓuya a cikin tsami, a biyo da madara saboda olsarsa. Cikin 'yan kwanaki jinin asuwaki ya tsaya. Kasalar ta sake shi. Zanen suka bushe, suka yi ɓawo, suka rufe, sai dai sun fi da fitowa. Ya naɗe haraminsa ya mayar akwati. Na tambaye shi ko har yanzu yana jin kiran, ya ce, "Yalla, Sista, je ka ga aikinka." Ban sake tambaya ba.

Aka sassauta kulle, Madam ta dawo, mai girki ta dawo, motoci suka dawo titi. Tsoho kuwa tun da ƙanƙara ta saki jirginsa sai jikinsa ya fara ja baya. Ya daina ba da labari, daga baya ya daina magana gaba ɗaya. Ƙararrawar ni nake bugawa, in ɗiga masa lemon a leɓe da cokali, in aika wa Baba nasa ƙasa. Ranarsa ta ƙarshe, sanyin Doha ya fara shigowa, na buɗe taga don ya sha iska. Madam ta fita sayen magani. Da rana ta take, mutumin da ya yi kwanaki bai ce uffan ba ya buɗe ido, ya juya kansa wajen taga, ya faɗi kalma ɗaya da harshensu, da ƙarfi, a sarari. Na san kalmar. Da ita yake amsawa in Madam ta kira shi daga ƙasan bene. Kafin la'asar ya cika. Ban gaya wa kowa wannan ba, ko Madam, don ban san yadda zan faɗa ba tare da an ce nas ɗin ta fara taɓuwa ba.

Na koma aiki a wani ƙaramin asibiti a Rayyan. Ni da Baba sai gaisuwar salla da Kirsimeti a waya. Lokacin gasar Kofin Duniya ya kira ni ya ce in an gama zai koma Kumasi gaba ɗaya, yana so mu yi sallama. Muka haɗu a bakin teku ranar da Ghana za ta buga. Garin da na sani shiru ya cika har ba wurin sa ƙafa, ganguna, tutoci, kowane irin harshe. An jera jiragen katako irin na mutanen ƙasar na da, wasu an ɗaga musu ƙyallayensu saboda baƙi. Baba ya tsaya yana kallonsu, ya ce, "Irin wannan ne jirgin Maigida?" Na ce ina jin nasu ya fi girma kaɗan. Ya ce, "Kai, mutane sun sha wuya." Ya yi ƙiba, zanensa suna nan baƙaƙe, a rufe.

Muka samu gefen dakali muka zauna. Da rana ta take ya zaro lemon tsami da 'yar wuƙa daga aljihu, ya raba biyu, ya miƙo mini rabi. Ya ce bai taɓa fashi ba, in azumi ne yakan ajiye sai an sha ruwa. Na fara tsokanarsa na ce ina mai cewa tsami yana tsinka jini, bai yi dariya ba.

Ya ce, "Sista, akwai magana da ban gaya maka ba. Bayan na warke, kiran ya tsaya. Sai ran da Maigida zai tafi. Ina bayan gidan, gindin bishiya, ka aiko mini da kofi. Na kai baki ke nan, sai na ji shi. Uwana. Ba daga nesa ba wannan karon, nan bayan katanga, kamar ni da kai. Ya kira sau ɗaya, ya kira sau biyu. Wallahi bakina ya buɗe, amma lemo yana ciki, kafin in haɗiye…" Ya tsaya yana juya ɓawon a hannunsa. "Sai na ji wani ya amsa daga sama. Shi ke nan, uwana ya yi shiru. Har yau bai sake ba."

Ya kalle ni. "Kai kana ɗakin. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya goge wuƙar a gefen wandonsa ya mayar aljihu. Na tsotse rabin nawa har da 'ya'yan. Can cikin taron wata mata tana ta ƙwala wa wani kira, ba wanda ya waiga a cikinmu.